Gadon Kwal da Haƙƙin Waɗanda Ba a Haifa Ba

Daga cikin tsofaffin tambayoyin da masu falsafa da malaman fiƙihu suka daɗe suna juyawa akwai tambayar iyakar ikon da magabata suke da shi a kan waɗanda suka biyo bayansu, wato ko shawarar da mutum ya yanke a zamaninsa, bisa ilimin da yake da shi da buƙatar da ta taso masa, tana da hurumin ɗaure jikokin da ba su halarci zaman ba kuma ba a nemi yardarsu ba. A da ana tattauna wannan tambaya ne a babin wasiyya da gado da bashin mamaci da tsarin mulkin ƙasa, amma a wannan zamani ta bayyana a wurin da ba a saba neman falsafa ba, wato a cikin turaku da wayoyi da manyan injunan da suke kai wutar lantarki gidaje da masana'antu. Kimanin kashi 60 cikin 100 na wutar da duniya take amfani da ita har yanzu daga ƙona kwal da iskar gas da man fetur ake samun ta, kuma kwal kaɗai yana ba da kusan sulusi, alhali an san cewa iskar kabon da wannan ƙonawa take fitarwa ita ce babbar musabbabin ɗumamar yanayi, kuma alhali kuɗin samar da wuta daga hasken rana ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Idan sabuwar hanya ta fi tsafta, kuma a wurare da yawa ta fi araha, to jinkirin barin tsohuwar yana buƙatar bayanin da ya wuce lissafin kasuwa.

Masanin da ya fi shahara da tsara wannan bayani shi ne Gregory Unruh, wanda a shekarar 2000 ya nuna cewa fasahar makamashi ba ta tsayawa ita kaɗai, domin da zarar ta kafu sai dokoki da bankuna da makarantu da ƙungiyoyin ƙwadago da hukumomin gwamnati su ginu a kewayenta, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa, har abin da aka fara da zaɓi ya zama ƙarfen ƙafa. Kafin shi, masanin tarihi Thomas Hughes ya bi diddigin yadda aka gina layukan wuta a Berlin da Chicago da Landan, ya nuna cewa tsarin fasaha yana da taushi a ƙuruciyarsa, al'umma tana lanƙwasa shi yadda take so, amma idan ya girma sai shi ya koma yana lanƙwasa al'umma.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili yana ƙasar Japan. Wutar da take bin manyan layuka irin wadda take kai da komowa ce, tana juya alƙiblarta a kan wani ƙayyadadden bugu, wanda a Turai da Afirka zagaye 50 ne a kowace daƙiƙa, a Amurka kuma zagaye 60. A tsakiyar shekarun 1890 kamfanin wutar birnin Tokyo ya sayo injuna daga Jamus masu bugu 50, na birnin Osaka kuma ya sayo daga Amurka masu bugu 60, ba tare da ɗayansu ya yi tunanin cewa wata rana layukansu za su haɗu ba. A kan wannan ciniki guda biyu aka gina kowace taransfoma da kowace masana'anta a gabashi da yammacin ƙasar, har aka wayi gari gyaran ya fi ƙarfin kowace gwamnati. Da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka durƙusar da tashoshin gabas a watan Maris na 2011, ciki har da tashar nukiliya ta Fukushima, yammacin ƙasar yana da wuta, amma na'urorin da suke sauya bugu tsakanin ɓangarorin biyu ba sa iya ɗaukar fiye da kimanin megawat 1,000, don haka aka riƙa ɗauke wuta bi da bi a yankin Tokyo. Mutanen da suka zauna cikin duhu a wannan wata suna biyan farashin shawarar da wasu 'yan kasuwa suka yanke sama da shekara ɗari kafin nan, kuma babu mai cewa waɗancan 'yan kasuwa sun yi laifi.

Irin wannan ɗauri ne, a ma'auni mafi girma, yake tsakanin layin wuta da kwal. Tun daga tashoshin farko da kamfanin Edison ya buɗe a Landan da New York a 1882, waɗanda duka kwal suke ƙonawa, an tsara layin ne a kan wasu 'yan manyan tashoshi masu tura wuta zuwa ga ɗimbin masu saye, kuma an tsara shi bisa sanin cewa mai kula da tasha yana iya ƙara wuta ko rage ta a duk lokacin da aka umarce shi. Wannan yana da muhimmanci domin layin wuta ba rumbu ba ne: abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, in ba haka ba bugun ya karkace, na'urorin kariya su katse, layin ya faɗi gaba ɗaya. Akwai kuma wata hidima da tsofaffin tashoshin suke yi wadda ba a taɓa biyansu kuɗinta daban ba, saboda ba a lura da ita a matsayin hidima ba sai da ta fara ƙaranci. Tururi yana juya wani ƙarfe mai nauyin tan da yawa, kuma dukkan waɗannan ƙarafa a faɗin ƙasa suna juyawa tare a kan bugu ɗaya, ta yadda idan wata tasha ta mutu ba zato, nauyin sauran yana riƙe bugun na 'yan daƙiƙoƙi har a kawo ɗauki. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin injin niƙa ya ga yadda ƙatuwar tayar ƙarfen nan take ci gaba da juyawa bayan an kashe injin, kuma ya ga yadda take hana injin shaƙewa idan an zuba masa hatsi da yawa a lokaci ɗaya, ya riga ya fahimci abin da ake nufi. Allon sola ba shi da abin da yake juyawa, batir ma haka, suna haɗuwa da layi ne ta na'urar lantarki mai sauya wuta, don haka layin da ya cika da su yana buƙatar wata dabara ta daban ta riƙe kansa. Dabarar tana nan, kuma jihar Kudancin Ostireliya ta nuna haka bayan da wutar jihar baki ɗaya ta ɗauke a watan Satumba na 2016, inda ta kafa babban batir na megawat 100 a Hornsdale a 2017, daga baya kuma ta girka manyan ƙarafa masu juyawa waɗanda ba sa ƙona komai. Sai dai ƙa'idojin aiki da littattafan koyar da injiniyoyi da tsarin biyan kuɗi duk an rubuta su ne da tsohon injin a zuciya, kuma sauya rubutacciyar ƙa'ida ya fi sauya na'ura jinkiri.

Haka nan wayoyin kansu suna bin taswirar kwal. An ja manyan layuka daga wuraren haƙar ma'adini da bakin koguna zuwa birane, amma iska mai ƙarfi da rana mai zafi sau da yawa suna wasu wuraren ne daban. A Jamus iskar tana arewa a bakin teku, manyan masana'antu kuwa suna kudu, kuma layin SuedLink mai tsawon kimanin kilomita 700 da aka tsara domin haɗa su, wanda aka so a kammala a 2022, an ɗage shi zuwa wajen 2028 saboda ƙorafin mazauna da shawarar binne wayar a ƙasa. A Amurka, a ƙarshen 2023, ayyukan da suke jiran izinin haɗuwa da layi, galibinsu na rana da iska da batura, sun kai kimanin megawat miliyan 2.6, wato kusan ninki biyu na dukkan tashoshin da suke aiki a ƙasar.

Duk da haka, ba a waya da ƙarfe gizo yake saƙa ba, a alkawari yake saƙa. Tashar kwal ana gina ta ne da bashi domin ta yi shekara 40 ko fiye tana aiki, kuma bashin ana biyansa ne daga kuɗin wutar da za ta sayar a tsawon waɗannan shekaru. Tun a 1898 Samuel Insull na Chicago ya yi kira da a bar kamfani ɗaya ya riƙe kowane yanki, hukuma kuma ta ƙayyade masa farashi, kuma tsarin da ya samo asali daga nan yana ba kamfani riba ne gwargwadon jarin da ya zuba a gini, abin da ya sa rufe tasha kafin wa'adinta ya zama asara ga mai ita ko da akwai wuta mafi araha a kasuwa. A bayan kamfanin akwai banki, a bayan bankin akwai asusun fansho na malaman makaranta da ma'aikatan jinya, a gefe kuma akwai garin da aka kafa domin mahaƙar, da jirgin ƙasan da rabin kayansa kwal ne, da ƙaramar hukumar da harajin tashar yake biyan albashinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi masa alkawari, a rubuce ko a fahimce, kuma ya gina rayuwarsa a kai. Da ƙasar Holan ta kafa doka a 2019 cewa za a daina ƙona kwal domin wuta zuwa 2030, kamfanin RWE, wanda ya buɗe sabuwar tasha a ƙasar a 2015, ya kai ƙara yana neman diyyar Yuro biliyan 1.4, ko da yake daga baya ya janye. Jamus kuwa ta zaɓi biya tun farko: dokarta ta 2020 ta sa 2038 a matsayin ƙarshen wa'adi, ta ware Yuro biliyan 4.35 ga kamfanoni biyu masu haƙar kwal mai laushi, da kimanin biliyan 40 ga yankunan da abin zai shafa.

A nan ne tambayar ta koma ta ɗabi'a da addini, domin haƙƙi biyu ne suke karo, kuma kowanne haƙƙi ne na gaske. Cika alkawari wajibi ne a kowace shari'a, kuma al'ummar da take warware yarjejeniya duk lokacin da ta ga dama ba za ta sake samun mai ba ta bashi ko mai amincewa da ita ba. A ɗaya ɓangaren kuma, wani kaso na iskar kabon yana zama a sararin sama ɗaruruwan shekaru, don haka cutarwar tana faɗa wa mutanen da ba su sa hannu a kowace takarda ba: manomin Sahel da damina take rikice masa, da mazaunin bakin teku a Bangaladash, da jaririn da za a haifa bayan an manta sunan wanda ya gina tashar. Thomas Jefferson, a wasiƙar da ya aika wa James Madison a 1789, ya tafi a kan cewa ƙasa ta masu rai ce, kuma babu tsarar da take da ikon ɗora wa ta bayanta bashi, yayin da Edmund Burke a 1790 ya ɗauki al'umma a matsayin tarayya tsakanin matattu da rayayyu da waɗanda ba a haifa ba. Ra'ayin farko, in aka bi shi har ƙarshe, yana halatta wa kowace tsara ta yi watsi da abin da ta gada, amma bai ba da dalilin da zai hana ta cinye rabon ta gaba ba. Ra'ayi na biyu ya fi kusa da gaskiyar layin wuta, sai dai masu kafa hujja da shi sukan tuna da matattu su manta da kashi na uku na tarayyar.

Fiƙihun Musulunci ya fuskanci irin wannan matsala a babin waƙafi, wanda Malikawa suka fi kira hubusi, wato dukiyar da mutum ya tsayar domin wata maslaha ta dindindin, ba a sayar da ita, ba a kuma gadonta. Malamai sun ba sharaɗin mai waƙafi nauyi mai girma, suka wajabta bin sa bayan mutuwarsa, domin in ba haka ba babu wanda zai sake tsayar da komai domin jama'a. Amma sun ga cewa zamani yana juyawa: unguwa takan tashi ta bar masallaci, rijiya takan ƙafe, gidan haya yakan rushe har kuɗin gyaransa ya fi abin da yake kawowa. Daga nan aka sami mas'alar istibdali, wato musanya dukiyar waƙafi da wata wadda za ta fi cika manufarsa. Shafi'awa sun tsananta ƙwarai, Malikawa sun ƙuntata a kan filaye da gine-gine amma sun yi rangwame idan za a faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta, Hanafawa sun halatta ta hannun alƙali bisa sharuɗɗa, Ibn Taimiyya kuma ya faɗaɗa har zuwa inda musanyar ta fi maslaha ko da tsohuwar dukiyar ba ta lalace ba. Tashar wuta ba sadaka ba ce, kasuwanci ce, don haka ƙiyasin ba ya tafiya ta kowace fuska, amma abin da ake ɗauka daga wannan muhawara shi ne rarrabewa tsakanin manufa da abin da aka yi amfani da shi wajen cimma ta. Waɗanda suka gina tashoshin kwal haske suke nufi da aikin yi da ƙarfin masana'antu, ba hayaƙi ba, kuma wanda ya kawo waɗannan ta wata hanya bai ci amanarsu ba. Tarihin waƙafi ya kuma bar gargaɗi, domin a Alƙahira ta zamanin Mamalik an yi amfani da sunan istibdali wajen ƙwace dukiyar jama'a a miƙa wa masu ƙarfi, wanda ya nuna cewa halaccin musanya bai wadatar ba sai an duba wanda ya ci ribarta da wanda aka bari da hannu wofi.

Birtaniya ta nuna fuskokin biyu a tare. A 2012 kwal yana ba da kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ƙasar, amma bayan an ɗora wa hayaƙi haraji mai tsanani daga 2013, aka kuma gina injunan iska a cikin teku, tashar kwal ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, ta rufe a ranar 30 ga Satumba 2024, shekara 142 bayan ta farko. Wannan ya rushe da'awar cewa abin ba ya yiwuwa. Sai dai garuruwan mahaƙa na arewacin Ingila da kudancin Wales an riga an karya su tun bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985, ba domin yanayi ba kuma ba tare da wani tanadi na kirki ba, kuma wani ɓangare na gurbin kwal iskar gas ce ta cike shi, wadda hayaƙinta ya kai kusan rabin na kwal, kuma ita ma ta zo da bututunta da basussukanta da shekarunta 30.

Akwai wani salon magana da ya kamata a yi wa tsayayyen bincike, shi ne yadda masu mulki da shugabannin kamfanoni suke ambaton tsarin wuta kamar wata ƙaddara da ta sauko, su ce hali ne ya tilasta, babu yadda za a yi. Malaman tauhidi sun daɗe da bambance tsakanin abin da yake faɗa wa mutum ba da zaɓinsa ba da abin da ya aikata da hannunsa, kuma sun ƙi yarda a kafa hujja da ƙaddara domin kare laifin da ake kan aikatawa. Wannan bambanci yana aiki a nan ba tare da an matsa masa ba. Edison bai san abin da hayaƙinsa zai yi wa yanayi ba, kuma ko da Svante Arrhenius ya lissafa tasirin iskar kabon a 1896, lissafi ne da bai fita daga zauren masana ba. Amma an fara auna taruwar iskar a kai a kai a Mauna Loa tun 1958, an kafa kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1988, ƙasashe sun sa hannu a yarjejeniyar Rio a 1992 da ta Paris a 2015, kuma kimanin rabin dukkan iskar kabon da ɗan Adam ya fitar daga ƙona makamashin ƙasa ya fita ne bayan 1990. Ma'ana, babban ɓangaren abin da ake kira gado a yau ba kakanni ne suka bar shi ba, mutanen da suke raye ne suka gina shi da saninsu. Uzurin da ake yi wa wanda ya gaji tasha ba ya kaiwa ga wanda yake aza harsashin sabuwa, domin shi ne yake ƙera tilas ɗin da wasu za su kafa hujja da shi nan da shekara 30. Hans Jonas, a littafinsa na 1979 kan alhaki, ya ginu a kan cewa fasahar zamani ta tsawaita hannun ɗan Adam zuwa zamunnan da idonsa ba ya gani, don haka dole alhakinsa ya tsawaita daidai da hannun, kuma babu wurin da wannan ya fi bayyana kamar ranar da ake sa hannu a kan kwangilar tashar wuta.

Wannan hukunci yana da sauƙin furtawa a kan ƙasa mai arziki, amma yana nauyi idan aka zo Afirka ta Kudu, inda kwal yake ba da kimanin kashi 80 cikin 100 na wuta, kuma kimanin mutum 90,000 suke aiki a mahaƙunsa, galibi a lardin Mpumalanga. A 2010 Bankin Duniya ya ba kamfanin Eskom rancen Dala biliyan 3.75, mafi yawansa domin tashar Medupi mai ƙarfin kusan megawat 4,800, bisa hujjar cewa ƙasar tana cikin ƙarancin wuta kuma talakawan da mulkin wariya ya bari cikin duhu suna da haƙƙin haske. Hujjar ba ta banza ba ce. Amma aikin ya yi jinkiri na shekaru, kuɗinsa ya ninka, bashin ya danne kamfanin, kuma shekara 11 bayan rancen, a taron Glasgow na 2021, ƙasashen Yamma suka yi alkawarin Dala biliyan 8.5 domin taimaka wa ƙasar ta bar kwal, mafi yawansu kuma rance ne. Da aka rufe tsohuwar tashar Komati a watan Oktoba na 2022, ayyukan da aka ce za su maye gurbinta ba su riga sun tsaya ba, mazauna garin kuma suka ga rufewar kafin su ga madadin. Ƙa'idar fiƙihu da take wajabta kawar da cuta ita ce kuma take hana a kawar da ita da wata cutar irinta, kuma ma'aikacin da aka sallama ba tare da tanadi ba an ɗora masa kuɗin gyaran da duniya baki ɗaya za ta ci moriyarsa.

Ƙasashen da layinsu bai kammala ginuwa ba suna wani matsayi na daban, domin abin da ya zama tarihi ga wasu, gare su shawara ce da take kan tebur. A Nijeriya, inda sama da mutum miliyan 80 ba su da wuta, iskar gas ce take ba da mafi yawan abin da yake kan layi, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, kuma ƙasar ta yi alkawari a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta zuwa 2060. Hayaƙin da ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar yake fitarwa ƙanƙani ne ƙwarai idan aka gwada da na Ba'amurke, don haka babu adalci a nemi su zauna cikin duhu domin gyara ɓarnar da ba su yi ba, kuma janaretocin fetur da dizal da suka cika kasuwanni da unguwanni sun fi tashar gas ƙazanta da tsada. Amma siffar alkawarin da ake ɗauka tana da muhimmanci ko a nan. Akwai kwangilolin da suke wajabta wa gwamnati biyan tashar gas kuɗin ƙarfinta na shekara 20, da Dala, ko layin ya iya ɗaukar wutar ko bai iya ba, alhali yarjejeniyoyin da aka ƙulla a 2016 da kamfanoni 14 domin samar da sama da megawat 1,000 daga hasken rana, galibinsu a jihohin Arewa, sun tsaya a takarda saboda saɓani kan farashi da lamunin gwamnati. Nijar kuwa, wadda ta dogara shekaru da yawa ga layin da yake zuwa Yamai daga Birnin Kebbi, ta ga iyakar wannan dogaro a watan Agusta na 2023 da aka katse wutar bayan juyin mulki, a shekarar da tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a gefen birnin. Tsawon wa'adin kwangila, da kuɗin da za a biya da shi, da sharaɗin da zai ba da damar sake tattaunawa idan wata hanya mafi araha ta bayyana, da wurin da za a ja sabon layi, su ne abubuwan da jami'ai ƙalilan suke yankewa a ofisoshin Abuja da Yamai, kuma yaran da suke aji ɗaya na firamare a bana su ne za su riƙa biyan kuɗin wutar a shekarun ƙarshe na waɗannan kwangiloli.